SOYAYYA A BAKIN BINDIGA: LABARIN GIDAJE BIYU A ƘASAR DANMAK LOKACIN YAƘIN HITILA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya tashi a Arewa ya ji labarin Yaƙin Hitila, ko daga bakin tsofaffin sojan da suka je Barma, ko daga bakin 'ya'yansu da jikokinsu. Labarin da muka saba ji shi ne na bariki, da jirgin ruwa, da daji mai duhu. To, amma yaƙin nan yana da wata fuska wadda ba mu cika jin labarinta ba, wato ta mutanen da yaƙi ya tarar da su a cikin ɗakunansu, ga miji ga mata ga 'ya'ya, kuma ya zame musu dole su zaɓi ko su yi shiru su tsira, ko su motsa su jawo wa gidan duka wuta. A wannan mako zan ba masu karatu labarin wasu gidaje biyu na ƙasar Danmak da suka zaɓi motsawa, da abin da ya same su.

Ita dai Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Jamus. Wani sashe nata a manne yake da Jamus, shi ne ake kira Jutland, sauran kuwa tsibirai ne, kuma babban birninta Kopenhagen yana kan ɗaya daga cikinsu. A lokacin yaƙi mutanenta ba su cika miliyan 4 ba. 'Yan'uwanmu na Adamawa sun san mutanen ƙasar, domin Turawan mishan da suka sauka Numan a 1913 daga can suka fito.

Da asubahin ran 9 ga watan Afrilu 1940 sojan Jamus suka tsallako iyaka, wasu kuma suka sauka daga jiragen ruwa a tsakiyar Kopenhagen. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama, gwamnati ta ba da kai. Jamusawa suka bar Sarki Christian na 10 a kan gadonsa, suka bar majalisa da 'yan sanda da kotuna suna aiki, muddin dai za a riƙa aika musu da nama da man shanu, kuma ba wanda zai tayar musu da hankali. Haka aka zauna shekara uku ana zaman doya da manja. Amma sannu a hankali sai jaridun ɓoye suka fara yawo hannu da hannu, 'yan makaranta a garin Aalborg suka fara satar bindigogin Jamusawa, ana kuma ta da nakiya a masana'antu da hanyar jirgin ƙasa. A watan Agusta 1943 ma'aikata suka yi yajin aiki a manyan garuruwa, gwamnati ta ƙi amincewa da sharuɗɗan da Jamus ta gindaya mata, ran 29 ga watan sai Jamusawa suka karɓe mulki da hannunsu. Daga nan fa aka daina wasa.

UWARGIDAN ENGESTOFTE

A tsibirin Lolland, can kudancin ƙasar, kusa da garin Maribo, akwai wani babban gida da gandu a bakin tabki, ana kiransa Engestofte. Maigidan, Jorgen Wichfeld, ɗan babban gida ne, mutum mai sanyin hali wanda ba ruwansa da rigima. Matarsa Monica ba 'yar ƙasar ba ce. An haife ta a Landan a 1894, ta girma a arewacin Ailan, ta aure shi a 1916, suka haifi 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya mai suna Varinka. Monica tana da tsohon miki game da Jamusawa, don kuwa ɗan'uwanta ya mutu a fagen fama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta yi shekaru tana zaune a Italiya, a 1941 ta komo gidan mijinta ta tarar da ƙasar a hannun baƙi.

A wani ɗan gida da ke cikin gandun akwai wani marubuci ɗan haya mai suna Hilmar Wulff, ɗan kwaminis. Ga al'ada ba abin da zai haɗa matar mai gandu da ɗan kwaminis, amma ta hannunsa ta fara samun jaridun ɓoye, ta shiga rarraba su, tana kuma bin masu hali tana tara kuɗin buga su. Daga jarida aka koma ga makamai. Da dare ya raba sai ta shiga kwale-kwale ita kaɗai, ta tuƙa ta haye tabkin da kayan da in an kama mutum da su sai harbi, ta komo kafin gari ya waye, ta zauna cin abincin safe da mijinta kamar ba ta je ko'ina ba. Mace ce wadda ta kusa shekara 50 a lokacin. Mijin bai san kome ba, kuma da gangan ta ɓoye masa, domin abin da mutum bai sani ba ko an matse shi ba zai faɗa ba.

BAƘO DAGA LABERIYA

A can Ingila kuwa akwai wata hukumar asiri da aka kafa a 1940, ana kiranta SOE, aikinta shi ne ta horar da 'yan ƙasashen da Jamus ta mamaye, ta sauko da su da laima daga jirgin sama cikin dare, su koya wa mutanensu aikin nakiya da wayar iska. Cikin waɗanda ta horar akwai wani mai suna Flemming Muus, wanda yaƙi ya tarar da shi a nan Afirka ta Yamma, yana aiki a ƙasar Laberiya. Da ya so da ya yi zamansa har a gama, ba wanda zai zarge shi. Amma a 1942 ya kama hanyar Ingila, a watan Maris 1943 kuma aka sauko da shi a Jutland, ya zama shugaban wakilan hukumar a Danmak duka.

Muus mutum ne mai baki, mai iya shiga jama'a, ga kashe kuɗi ba tsoro. Da yake neman wanda zai riƙe masa tsibirin Lolland sai aka haɗa shi da Monica. Ta karɓi aikin, ta kuma yi abin da uwaye kaɗan ne za su iya, wato ta bar 'yarta Varinka, mai shekara 21, ta tafi Kopenhagen ta zama sakatariyar wannan mutum wanda 'yan sandan ciki na Jamus, wato Gestapo, suke nema ruwa a jallo. Varinka ce take rubuta masa saƙonni, ita ce take kai takardu daga wannan gida zuwa wancan, tana wuce masu gadi da su a cikin jaka. Shi ya girme ta da shekara 15. Suna sauya masauki a kai a kai, kowa da sunan aro, kuma a cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne soyayya ta shiga tsakaninsu.

Mai karatu ya lura, a irin wannan aiki ƙa'idar ita ce kada ka san sunan abokin aikinka na gaskiya, kada ka san inda yake kwana, don kada ranar da aka kama ka ka ja shi. Masoya ba su iya kiyaye wannan ƙa'ida. Kowannensu ya san kome na ɗan'uwansa, saboda haka in aka kama ɗaya, ran ɗayan yana kan harshensa.

MASAUKIN HVIDSTEN

Bari mu bar su a Kopenhagen mu koma Jutland, inda gida na biyu yake. A ƙauyen Hvidsten, arewa da garin Randers, akwai wani tsohon masaukin baƙi mai jinkar ciyawa, inda matafiya suke cin abinci su kwana. Mai shi Marius Fiil ne, da matarsa Gudrun. Su ba masu gandu ba ne, mutanen ƙauye ne da kowa ya sani. A watan Maris 1943, watan da aka sauko da Muus ke nan, aka nemi Marius ya taimaka a kwashe wasu kaya da jirgin Ingila ya jefo a daji. Ya ɗaura keken doki ya je ya kwaso. Daga ranar masaukin ya zama tashar karɓar makamai.

Ga yadda ake yi. Da yamma sai a kunna rediyo a saurari sashen harshen Danmak na BBC. Bayan labarai mai magana yakan karanta gaisuwa ga wasu sunaye, kuma kowace ƙungiya tana da sunan da in ta ji ta san yau jirginta yana tafe. Da dare sai mazaje su fita fili da fitilun hannu, su jera su yadda matuƙi zai gani, jirgi ya sauko ƙasa ƙasa ya saki gangunan ƙarfe masu laima, cike da bindigogi da harsashi da nakiya. Kafin asuba an kwashe, an binne laimomin, an ɓoye kayan har masu ɗauka su zo.

Su wa Marius zai amince wa da irin wannan sirri? Sai na jikinsa. Ya sa ɗansa Niels, da 'ya'yansa mata Kirstine, wadda ake yi wa laƙabi da Tulle, da ƙanwarta Gerda wadda ba ta kai shekara 18 ba. Ya sa surukinsa Peter Sorensen, mijin Tulle, wanda suke da 'yar jaririya. Sauran kuwa maƙwabta ne, har da likitan dabbobin yankin, da makaniki, da manomi. Matan su ne masu dafa wa baƙin da aka sauko da su, su ne masu tsaron hanya da kai saƙo a kan keke. Ƙarfin ƙungiyar ke nan, don ba baƙo a cikinta. Rauninta kuma ke nan, don duk ƙwan a kwando ɗaya yake.

BAKI SHI KE YANKA WUYA

A watan Disamba 1943 Gestapo suka kama wani wakilin SOE mai suna Jacob Jensen a birnin Aarhus. Wannan mutum ya yi aiki a Jutland, ya kuma taɓa ɓuya a Lolland a ƙarƙashin kulawar Monica. Da ya shiga hannu sai ya buɗe baki, ya ba da sunaye masu yawa. Ba sai an yi saurin tsine masa ba, domin wanda bai shiga ɗakin tambayar Gestapo ba bai san iyakar ƙarfin zuciyarsa ba. Amma dai harshen mutum ɗaya ya isa ya kai ga gidajen nan biyu, waɗanda ruwa da tafiya mai nisa suka raba.

Labari ya kai ga Monica cewa an kama Jensen, aka ba ta shawara ta gudu Suwidin, wadda ba ta cikin yaƙi, kuma ɗan mashigin teku ne kawai ya raba ta da Danmak. Hanyar a buɗe take, don ta nan ne a watan Oktoba na shekarar masunta suka tsallakar da Yahudawan ƙasar fiye da 7,000 cikin 'yan makonni. Monica ta ƙi tafiya. Ran 13 ga Janairu 1944 sojoji suka kewaye Engestofte da sassafe suka tafi da ita. A ranar ne mijinta ya san irin matar da yake aure shekara 27.

Aka kai ta kurkukun Vestre a Kopenhagen, aka yi wata huɗu ana yi mata tambayoyi. Abin da suke so shi ne Muus, kuma duk inda Muus yake nan 'yarta take. Ba ta ba su ko ɗaya ba. Varinka kuwa ta sake kama, ta ɗauki wani suna, ta ci gaba da aiki a cikin birnin da uwarta take tsare.

A watan Mayu 1944 kotun soja ta Jamus ta yanke wa Monica hukuncin kisa tare da maza uku. Ita ce mace ta farko da Jamusawa suka yanke wa irin wannan hukunci a Danmak. Waɗanda suka rubuta tarihinta sun ce da aka karanta hukuncin sai ta ciro 'yar madubinta ta gyara hodar fuskarta. Alƙalan suka ce mata tana iya roƙon sassauci, da yake ita mace ce. Ta tambaya ko mazan nan uku ma an ba su wannan dama. Aka ce a'a. Ta ce to ita ma ba ta bukata. Sai da iyalinta suka matsa mata kafin ta rubuta takardar, aka mai da hukuncin ɗaurin rai da rai. Mazan uku aka harbe su a cikin watan.

A Hvidsten kuwa Gestapo sun zo ran 11 ga Maris 1944, shekara ɗaya daidai da fara aikin. Suka kwashe Marius da Niels da Peter da Tulle da Gerda da maƙwabtansu. Ran 29 ga Yuni aka harbe mutum 8 a filin Ryvangen da ke gefen Kopenhagen. Gudrun Fiil ta rasa miji da ɗa da suruki a safiya ɗaya. Tulle, wadda ta rasa uba da ɗan'uwa da miji, aka yanke mata ɗaurin rai da rai, Gerda kuma shekara biyu. Jaririyar ta zauna a hannun kakarta.

ƊAURIN AURE A ƁOYE

A tsakiyar wannan shekara ta 1944, uwa tana hannun Jamusawa, ana harbe abokan aikinsu, Flemming Muus da Varinka suka ɗaura aure a asirce. Ba taro, ba biki, ba sanarwa a jarida, domin ango da amarya duk ana nemansu. Wani zai ce wannan wane irin lokacin aure ne? Amsar ita ce ba wanda ya san ko zai ga mako mai zuwa a cikinsu, kuma ba su ga dalilin jiran ranar da watakila ba za ta zo ba. Suka ci gaba da aiki har watan Disamba, sa'ad da ƙasa ta yi musu zafi ƙwarai, aka tsallakar da su Suwidin, daga can suka wuce Landan.

Monica kuwa an kai ta Jamus, daga wannan kurkuku zuwa wancan. A can ne ta haɗu da Tulle Fiil. Ga matar mai gandu, ga 'yar mai masaukin ƙauye, waɗanda a zaman lafiya da wuya su zauna kan tabarma ɗaya, harshen mutum ɗaya ya haɗa su a gidan sarƙa. Da sojan Rasha suka matso a farkon 1945, aka kwashe fursunonin kurkukun Cottbus cikin tsananin sanyi, aka cusa su a taragun dabbobi zuwa Waldheim. Monica ta isa da ciwon huhu, ta rasu ran 27 ga Fabrairu 1945, saura wata biyu da 'yan kwanaki a gama yaƙi. Bayan yaƙi an nemi kabarinta ba a sami gawar ba. Tulle ta rayu, ta koma gida wajen 'yarta a 1945.

WASIƘAR MAI JIRAN HARBI

Akwai kuma waɗanda ba su kai ga aure ba. Kim Malthe-Bruun saurayi ne ma'aikacin jirgin ruwa, an haife shi a Kanada a 1923, ya girma a Danmak. Ya shiga gwagwarmaya a 1944, aka kama shi a watan Disamba, aka azabtar da shi, aka harbe shi a Ryvangen ran 6 ga Afrilu 1945 yana da shekara 21. Kafin a fitar da shi ya rubuta wa uwarsa, ya kuma rubuta wa budurwarsa. Abin da ya nema daga yarinyar shi ne kada ta mai da shi dalilin rufe zuciyarta, ta ci gaba da rayuwa, in ta sami wanda ya dace ta so shi ba tare da jin ta ci amana ba. Uwarsa ta tattara wasiƙunsa aka buga su littafi bayan yaƙi, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Duk namijin da ya taɓa yin nisa da gida ya bar wadda yake so, ya san nauyin wannan magana a bakin saurayi.

Kada kuma a ɗauka kowane gida haka ya tsaya. A Aarhus an yi wata mace mai suna Grethe Bartram wadda ta riƙa sayar wa Gestapo sunayen mutane saboda kuɗi, fiye da mutum 50, cikinsu har da ɗan'uwanta da mijinta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma Jamusawa sun san bangon da ya fi sauƙin tsagawa shi ne na cikin gida.

BAYAN AN GAMA

Da daren 4 ga Mayu 1945 BBC ta ba da sanarwar cewa sojan Jamus da ke Danmak sun ba da kai. Mutane suka yage baƙaƙen labulen da aka tilasta musu rufe tagogi da su shekara biyar, suka kunna kyandir a kowace taga. Ran 29 ga Agusta aka sake binne 'yan gwagwarmaya 106 a Ryvangen da girmamawar ƙasa, aka mai da filin harbin wurin tunawa da su.

Ga Muus da Varinka zaman lafiya ya zo da nasa gwajin. Ingila ta ba shi lambar yabo, amma da aka zo lissafin kuɗin da suka bi ta hannunsa lokacin yaƙi sai aka ga giɓi. A 1946 kotun Danmak ta ɗaure shi shekara biyu, daga baya aka sake shi kafin wa'adi ya cika. Jiya gwarzo, yau ana nuna shi da baki. Varinka ba ta rabu da shi ba. Ta bi shi Afirka ta Kudu, suka yi 'yan shekaru, suka komo gida, suka zauna tare suka rubuta littafin tarihin uwarta. Shi ya rasu a 1982, ita kuma a 2002.

Masaukin Hvidsten yana nan da jinkarsa, kuma akwai dutsen tunawa kusa da shi mai ɗauke da sunayen mutum 8 ɗin nan. A cocin Engestofte an kafa allo da sunan Monica, tun da ba kabarin da za a ziyarta. Har yanzu kuma duk daren 4 ga Mayu akwai gidajen da suke ajiye kyandir a taga, ko da yake waɗanda suka ga daren farko da idonsu sun kusa ƙarewa.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.